A Sauke Bindiga Daga Kan Kangon Shaƙif

Ina yaron shago a Kantin Kwari na fara ganin Shaƙif, wata tsohuwar ganuwa a kudancin Labanon, kuma a hoto na gan shi. Maigidana wani dattijo ne ɗan Labanon, irin waɗanda muke kira Kwarori, wanda ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗin ji. A bayan teburinsa, sama da inda muke jera bandir ɗin yadi, akwai wani tsohon hoto marar launi a rataye, gilashinsa ya tsage ta kusurwa ɗaya. Tsauni ne a ciki, da wani ƙaton kango na dutse a kansa, a gindinsa kuma tumaki suna kiwo, da wani yaro riƙe da sanda ya juya wa mai ɗaukar hoton baya. Kullum ni nake goge masa ƙura. Wata rana da rana ta yi tsaka, kasuwa ta lafa, na ce, "Maigida, wannan gidan wane sarki ne?" Ya ɗaga kai ya dube shi, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, daga ƙauyenmu idan ka fito da safe shi za ka fara gani. Muna yara can muke kai dabbobi. Yanzu soja ne a ciki." Bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Sai da na girma na gane abin da ya sa muryarsa ta canza ranar nan. Ra'ayin da zan faɗa a nan daga wannan kalma tasa ya samo tushe. Ina ganin babu wanda yake da hurumin girke bindiga a kan irin wannan kango, ko shi wane ne, ko da kuwa yaƙin da yake yi ina ganin gaskiyarsa. Haka kuma babu wanda yake da hurumin yi masa ruwan bama-bamai don ya hangi abokin gabarsa a kusa. Na san rabin maganar nan ba zai yi wa wasu 'yan'uwana daɗi ba, amma sai a saurari tarihin wurin tukuna.

Larabawa suna ce masa Ƙal'atush Shaƙif, ko Shaƙif Arnun, saboda ƙauyen Arnun da ke gindinsa. Turawa suna kiransa Beaufort, wato kyakkyawar ganuwa a harshen Faransanci. Yana kudancin Labanon, kusa da garin Nabaɗiyya, a kan wani dutse mai tsayin kusan mita 700 daga fuskar teku. Ta gabas babu buƙatar katanga, domin dutsen a tsaye ya yanke, kusan mita 300 zuwa ƙasa inda kogin Litani yake gudu. Wanda ya tsaya a sama yana hangen filin Marja'uyun, yana hangen tsaunin Jabalush Shaikh, yana hangen arewacin yankin Jalil a Isra'ila. Wannan hange shi ne arzikin wurin, shi ne kuma ya jawo masa duk masifar da ta same shi, domin duk mai rundunar da ya ratsa yankin sai ransa ya biya.

A 1139 Sarki Fulk, na masarautar da 'yan Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka zo yaƙi, suka kafa a Ƙudus, ya karɓe wurin ya miƙa shi ga masu sarautar Saida. Su ne suka tayar da ginin dutse, suka fafe rami a cikin falalen dutsen ya zagaye gefen da mahara za su iya hawowa. Shekara 48 bayan haka aka yi yaƙin Hiɗɗin, a 1187, Salahuddin Al-Ayyubi ya karya rundunarsu, Ƙudus ta dawo hannun Musulmi a shekarar, garuruwa suka riƙa buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Shaƙif yana cikin 'yan tsirarun wuraren da suka ƙi.

Abin da ya faru a 1189 ya cancanci a tsaya a kansa. Salahuddin ya sauka da rundunarsa a Marja'uyun yana shirin kewaye ganuwar. Sai ga mai wurin da kansa, Rajinal na Saida, ya sauko ya tsaya a ƙofar tantinsa. Mutumin nan ya iya Larabci, ya san tarihin Musulmi, har yana da wanda yake karanta masa littattafansu. Alƙalin rundunar Salahuddin, Baha'uddin ɗan Shaddad, wanda aka yi abin a gabansa, ya ba da labarin yadda baƙon ya riƙa zuwa ana cin abinci da shi, ana muhawara da shi kan addini. Ya ce wa Sarkin shi a shirye yake ya miƙa ganuwar ba tare da an zubar da jini ba, ya koma Dimashƙa da zama, sai dai iyalinsa suna birnin Sur, yana tsoron abin da mutanensa za su yi musu idan labari ya kai. Ya roƙi wata uku. Salahuddin ya ba shi. A cikin watannin nan aka riƙa toshe ɓarakar katanga, ana shigar da abinci. Da wa'adi ya cika ya dawo neman ƙari, aka gane dawar garin, aka tasa ƙeyarsa zuwa gindin katanga don ya umarci mutanensa su buɗe ƙofa. An ruwaito cewa da Larabci ya ce su buɗe, da harshensu kuma ya ce kada su kuskura. Aka ɗaure shi aka kai Dimashƙa. Wurin bai faɗi ba sai a watan Afrilu na 1190, da yunwa ta ci ƙarfin na ciki, suka miƙa wuya da sharaɗin a sako musu ubangidansu. Watannin da aka ɓata kuwa ba ƙaramar hasara ba ce, domin a cikinsu ne 'yan Salibiyya suka samu sukunin zuwa su kewaye birnin Akka.

Ina son wannan labari saboda ya nuna mutum biyu a fili, ɗaya da wayonsa, ɗaya da karamcinsa da ya kusa zame masa illa. Amma akwai wanda ya fi shi taɓa ni. A 1240, shekara 50 cif bayan wahalar da aka sha, Salihu Isma'il mai mulkin Dimashƙa, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, ya shiga rikicin sarauta da ɗan wansa Salihu Ayyub mai mulkin Masar. Don ya samu 'yan Salibiyya su mara masa baya, sai ya ba su Safad da Shaƙif, ya kuma bar su suna shiga Dimashƙa sayen makamai. Limamin da ke huɗuba a Masallacin Umayyawa a lokacin shi ne Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda aka yi wa laƙabi da Sarkin Malamai. Ya ba da fatawar haramta sayar musu da makami, ya hau mumbari ya soki abin da aka yi, ya daina ambaton sarkin a addu'ar huɗuba. Aka tuɓe shi, aka tsare shi, daga bisani ya bar garin ya koma Masar. Duk ɗalibin ilmi da ya taɓa jin labarin malamin da ya tsaya wa sarki a gaban jama'a, to ga dutsen da aka yi tsayuwar a kansa. Idan aka rushe Shaƙif, har da shaidar wannan huɗuba aka rushe.

Daga nan abin ya riƙa sauya hannu. A 1260 mai Saida ya sayar da ganuwar ga ƙungiyar mayaƙan Haikali, wata rundunar addini ta 'yan Salibiyya, bayan shekara takwas Sarki Baibars na daular Mamaliki ya ƙwace ta, a 1268, aka sake gini aka ƙara hasumiyoyi. A ƙarni na 17 Fakhruddin na Biyu, sarkin Duruzawa, wata al'umma ta duwatsun Labanon, ya mayar da ita ɗaya daga cikin mafakarsa, da Turkawan daular Usmaniyya suka murƙushe shi suka sare saman ginin. A 1782 Jazzar Fasha, gwamnan Akka, ya sake kewaye ta ya rushe abin da ya samu. Girgizar ƙasa ta 1837 ta ƙarasa wasu sassan. Bayan nan mutanen ƙauyuka suka riƙa ɗibar duwatsun suna gina ɗakunansu, makiyaya suna kwana da dabbobinsu a cikin sorayen da suka rage. Wannan shi ne Shaƙif ɗin da ke cikin hoton maigidana. Ni dai ban taɓa jin haushin talakan da ya ɗauki dutse don ya rufa wa iyalinsa asiri ba, ko da yake abin hasara ne. Ɓarnar da ya yi a shekara ɗari ba ta kama ƙafar wadda igwa ta yi a 'yan shekaru ba.

A 1976, ana cikin yaƙin basasar Labanon, mayaƙan ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu suka hau Shaƙif suka kafa sansani. Daga nan suke hangen arewacin Isra'ila, daga yankin suke harba rokoki. Isra'ila kuma ta riƙa dukan wurin da jirage da manyan bindigogi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. A waɗannan shekaru sojojinmu na Najeriya suna kudancin Labanon cikin rundunar kiyaye zaman lafiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1978, sun kuma zauna har 1983, tare da na Gana da wasu ƙasashe. Wato akwai tsofaffin sojoji a garuruwanmu da suka yi aiki a ƙasar da wannan dutse yake leƙawa. A daren 6 ga Yuni 1982, daren farko na mamayar da Isra'ila ta yi wa Labanon, dakarun rundunarta ta Golani suka hau suka karɓe shi. Sojojin Isra'ila shida suka mutu, har da kwamandan da ya jagoranci hawan, masu tsaron wurin kuma da yawansu a cikin ramukansu suka cika. Washegari firaministan Isra'ila Menachem Begin da ministan tsaronsa Ariel Sharon suka sauka a kan dutsen da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauki hoto.

A nan nake so mai karatu ya auna da kansa. Ganuwar da ta tsayar da Salahuddin kusan shekara guda, a 1982 dare ɗaya ta yi. Katangar da aka gina don kibiya da manjaniƙi, wato na'urar jefa manyan duwatsu, ba ta da abin da za ta yi wa jirgin sama. Samarin da suka mutu a ramukan nan ban raina jarumtarsu ba, Allah Ya sani, amma katangar ba ta kare su ba. Abin da ta yi shi ne ta nuna wa jirage inda suke.

Isra'ila ma ba ta ci ribar da ta zata ba. Ta zuba kankare, ta haƙa ramukan ɓuya, ta kafa na'urorin leƙe a jikin wurin tarihi, ta zauna shekara 18. A duk tsawon shekarun 1990 mayaƙan Hizbullah suna kai wa sansanin hari, hanyar kai masa abinci ta zama tarkon nakiya, har aka koma jigilar sojoji ta sama. A ranar 4 ga Fabrairu 1997 jirage biyu masu saukar ungulu suka yi karo da juna a arewacin Isra'ila, mutum 73 suka mutu, kuma ɗaya daga cikin jiragen Shaƙif ya nufa. Wannan hatsari ne ya haifar da ƙungiyar Uwaye Huɗu, matan da 'ya'yansu ke aikin soja a Labanon, waɗanda suka dage da tambayar me ake tsarewa a can. A watan Mayu na 2000 sojojin suka fice cikin dare, suka tayar da sansaninsu da nakiyoyi a gefen ginin da ya haura shekara 800 a duniya. Ko ba a gaya maka ba ka san abin da irin wannan girgiza take yi wa tsohuwar katanga.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi a zaure. Za a ce mutumin da aka kora daga ƙasarsa ba ya zaɓen inda zai tsaya ya yi faɗa, kuma rai ya fi dutse. Na yarda rai ya fi dutse. Da za a ce mini in zaɓa tsakanin ran yaro ɗaya na Arnun da duk hasumiyoyin Shaƙif, ba zan yi dogon tunani ba. Kuma ban daidaita wanda ya mamaye ƙasar wani da wanda aka mamaye ba, laifin mai mamaya ya fi girma nesa ba kusa ba. Amma ina roƙon a nuna mini ran da girke bindiga a kan kangon nan ya ceta. Abin da na sani shi ne mutanen da ke zaune a gindin dutsen su suka biya kuɗin. Ƙauyen Arnun ya kusa zama kufai, gidajensa da yawa sun rushe, manomansa sun kasa zuwa gonakinsu. Duk wanda ya hau sama da makami, na ƙasa ne yake kwana cikin fargaba. Zancen rai ya fi dutse, idan aka bi shi da gaskiya, ga inda yake kai mu: a sauke bindigar, domin ita ce take jawo wuta kan rayukan.

Akwai wani abu da ya faru a Arnun da ya kamata a riƙa tunawa da shi fiye da yadda ake yi. A watan Fabrairu na 1999 sojojin mamaya suka zagaye ƙauyen da waya mai ƙaya, suka haɗe shi da yankin da suke riƙe da shi. Sai ɗaliban jami'o'in Labanon suka taso, Musulmi da Kirista, babu makami a hannunsu, suka isa wurin suka tsinke wayar, sansanin sojan yana kallonsu daga sama. An sake rufe ƙauyen bayan 'yan makonni, gaskiya ne. Amma a duk tarihin dutsen nan, daga Fulk zuwa yau, ranar nan tana cikin 'yan ranakun da mutanen ƙasar suka tunkare shi a matsayin masu wuri, ba tare da wani sarki ko kwamanda ya turo su ba.

Dokar duniya ma a kan wannan gaɓa ta tsaya, kuma ina ganin ta yi daidai. Yarjejeniyar Hague ta 1954, kan kare kayan tarihi a lokacin yaƙi, ta ɗora nauyi biyu, na mai kai hari da na mai riƙe da wuri. Ƙarin da aka yi mata a 1999 ya ƙirƙiro kariya ta musamman, mai sharuɗɗa uku: wurin ya kasance mai matuƙar daraja ga bil'adama, dokar ƙasar da yake ciki ta kasance tana kare shi, sannan kada a yi amfani da shi don aikin soja ko don fakewar kayan soja, kuma mai iko da wurin ya furta cewa ba zai yi hakan ba. A watan Nuwamba na 2024, ana tsakiyar wani sabon yaƙi, hukumar UNESCO, mai kula da ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba wurare 34 na Labanon wannan kariya, Shaƙif na ciki. Takarda ba ta tare harsashi, na sani, kuma Isra'ila ba ta shiga ƙarin yarjejeniyar na 1999 ba, ko da yake tana cikin ta 1954. Duk da haka takardar tana da amfani guda babba, tana toshe bakin mai neman hujja. Idan wurin ya kasance fanko, babu makami babu mai leƙe, duk wanda ya jefa masa bam ba shi da abin faɗa a gaban duniya. Shi ya sa nake ganin nauyin farko yana kan gwamnatin Labanon da duk wata ƙungiya mai ɗauke da makami a kudancin ƙasar: su bar wurin a hannun ma'aikatan kayan tarihi, su yarda masu sa ido su hau su duba. Nauyi na biyu, wanda ya fi nauyi, yana kan mai jiragen yaƙi, da ƙasashen da suke ba shi su.

Wani zai ce me ya dame mu da ginin 'yan Salibiyya, ai gara ma ya rushe. Wannan magana ce ta wanda bai san abin da ke tsaye a wurin ba. Kangon nan hawa-hawa ne. Akwai aikin Faranjawa, wato 'yan Salibiyya, akwai na Ayyubawa, wato zuri'ar gidan Salahuddin, a kansa, akwai na Mamaliki, akwai na zamanin Fakhruddin. Magini Musulmi ya ɗora dutsensa a kan na magini Kirista, ba za ka zare ɗaya ka bar ɗaya ba. Ko da ma duka nasu ne, Alƙur'ani ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Me za mu duba idan mun share wurin?

Saboda wannan dalili ne kuma ba na goyon bayan masu son a sake gina shi fes kamar jiya aka gama. Bayan ficewar sojoji an yi aikin gyara da tallafin Kuwait, aka kwashe ɓaraguzai, aka tallafi katangun da ke shirin zubewa, aka buɗe wa maziyarta. Iyakar abin da ya dace ke nan: a tokare abin da zai faɗi, a gyara hanyar ruwa don kada damina ta ci gindin gini, a sa matakala da abin dafawa don tsoho da yaro. Hasumiyar da Turkawa suka sare a bar ta a sare. Tabon igwa a bar shi. Har ragowar kankaren mamaya ina ganin a bar wani yanki nasa, a rubuta shekarunsa a jiki, 1982 zuwa 2000, kamar yadda ake rubuta na Baibars. Yaron makaranta daga Nabaɗiyya yana da haƙƙin ya taɓa abin da hannunsa, ya tambayi malaminsa wa ya zuba wannan, me ya kawo shi, yaya ya fita.

Maigidana ya rasu kafin sojojin su sauka daga dutsen. A Kano aka binne shi. Da 'ya'yansa suka zo gyara shagon na tambayi babbansu hoton, ya ce, "Ɗauka mana, ai kai ka fi mu goge shi." Yana nan a ɗakina, ban canza gilashin ba. Da na sa masa ido sosai a 'yan shekarun nan na lura da abin da ban gani ba ina yaro: a can saman katanga, inda wani ɓangare ya zube, akwai wasu mutum biyu a zaune, ƙafafunsu na reto, da alama hira suke yi.